Shafin kasuwancin da mutumin Sabon Maci zai iya aiki da shi

Tsara shafin intanet ko manhajar kasuwanci aiki ne mai sassa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne fasali: inda aka ajiye suna, hoto, farashi da lambar waya, da launin da aka zaɓa da girman rubutu. Na biyu shi ne sauƙin amfani: ko wanda ya shigo zai gama abin da ya kawo shi ba tare da ya ɓata ko ya nemi a taya shi ba. Na uku shi ne ƙa'idojin bai-ɗaya, waɗanda suka sa shafin da aka rubuta a Yamai yake buɗewa a wayar da aka ƙera a Sin, a kan layin kowane kamfani. Masu biyan kuɗi a yi musu shafi a Nijar da arewacin Najeriya galibi idonsu na kan sashe na farko, domin shi ake gani. Riba da asara kuwa suna cikin biyun ƙarshe, kuma garin kasuwa irin Sabon Maci ya isa ya tabbatar da haka.

Sabon Maci yana cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, a kan hanyar da ta taso daga wajen Maraɗi ta nufi Kornaka da Dakoro. Yanki ne da noma da kiwo suke haɗuwa. Ranar kasuwa, amalanke suna shigo da gero da dawa da wake da gyaɗa daga ƙauyuka, makiyaya suna koro bisashe, manyan ƴan kasuwa kuma suna tara buhuna domin Maraɗi, wasu kayan su zarce ta Ɗan Isa da Jibiya har Dawanau a Kano. Duk wanda ke cikin wannan hada-hada yana neman amsar tambayoyi ƙalilan: nawa ake sayar da kayan a gaba, wa ke da su, yaushe mota za ta tashi, ta wace hanya kuɗi za su iso. Shafin kasuwanci yana da daraja gwargwadon yadda yake amsa waɗannan tambayoyi da sauri kuma da gaskiya.

An riga an auna darajar labari a kasuwannin Nijar. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi farashin hatsi tsakanin 2001 da 2006, shekarun da layin salula yake bazuwa daga kasuwa zuwa kasuwa. Binciken da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina hawa mota don ya je ya ji farashi kawai. Abin lura shi ne kira na baki ne ya yi wannan aiki, kuma kira ba ya buƙatar karatu, ba ya buƙatar Faransanci, ba ya cin mega. Saboda haka kowane shafi da aka yi don mutanen wannan yanki yana gasa ne da kira. In ya fi kira wahala, za a yi watsi da shi, kuma masu watsin suna da gaskiya.

Mai tsara shafi yana aiki a ɗaki mai inuwa, da kwamfuta mai faɗin fuska da layi mai ƙarfi. Mai sayen da ake nema yana tsaye a bakin rumfar mai caji, da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, rana na dukan fuskarta har rubutu mai haske yana ɓacewa. Babban yatsansa ya yi kanta da aikin gona, kuma da shi kaɗai yake latsawa, domin ɗaya hannun yana riƙe da igiyar rago. Ya sayi mega kaɗan, cajin ya kusa ƙarewa, rezo yana zuwa yana tafiya. A Nijar manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma a karkara, musamman a cikin mata, adadin ya fi ƙasa. Wannan mutum shi ne mai hukunci a kan shafin, ba wanda ya biya kuɗin yin sa ba.

Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fayyace sauƙin amfani a ƙa'idarta mai lamba 9241-11, wadda ta fito a 1998 aka sabunta ta a 2018. Ta rataya shi a kan abubuwa uku: ko mutum ya cim ma buƙatarsa, da abin da ya kashe na lokaci da ƙoƙari kafin ya cim mata, da ko ya gamsu. Ta kuma ɗaure ukun da sharaɗi: ana auna su ne a kan wasu mutane sanannu, masu wata buƙata sananniya, a wani yanayi sananne. Wannan sharaɗi yana nufin babu shafin da yake da sauƙi ga kowa a ko'ina. Wanda ya yi wa ma'aikacin banki a Yamai daidai yana iya gagarar mai tara wake a Sabon Maci, ko da kuwa mai tara waken ya fi shi jujjuya kuɗi a mako.

Nauyi shi ne cikas na farko. Matsakaicin shafin intanet a yau ya wuce mega biyu, yawancinsa hotuna ne da ba a rage ba da kayan ado masu motsi. Wanda ya sayi mega ɗari zai buɗe irin wannan shafi sau hamsin kacal. In da an rage nauyin zuwa kashi ɗaya cikin goma, da ya buɗe sau ɗari biyar da kuɗin nan nasa. Google ya ba da rahoto a 2016 cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna ficewa in ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka: Opera Mini ya fito a 2005 yana matse shafuka kafin su iso waya, Facebook kuma ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda masu ƙaramar waya da raunin layi. Hoto ɗaya bayyananne na buhun wake, da farashi da kwanan wata a ƙarƙashinsa, ya fi bidiyon maraba amfani nesa ba kusa ba.

Cikas na biyu harshe ne. Ciniki a Sabon Maci da Hausa ake yi, Fulani da Buzaye ma da ita suke sayar da dabbobinsu, amma shafuka da manhajoji da yawa da Faransanci kaɗai suke magana. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Kamfanin da ke neman kuɗin mutanen karkara bai kamata ya jira doka ta tilasta masa ba. Fassara kaɗai ma ba ta isa ba, tunda da yawa ba sa karanta boko ko da Hausa aka rubuta. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta nuna hanya: tana amsa tambayoyin manoma ta kira da saƙon murya na WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci. Shafin kasuwanci zai iya ɗaukar wannan darasi ta hanyar sa maɓallin sauraro kusa da kowane muhimmin bayani, da maɓallin kira babba a sama, da hotunan kayan gaske maimakon alamomin da sai wanda ya saba da kwamfuta yake gane su.

Lissafin kuɗi yana da tarko nasa. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga: sefa 5 dala ɗaya ce, sefa 500 dala ɗari, sefa 1000 jika. Mutumin da aka ce wa ya tura ɗari yana nufin sefa 500, amma in ya rubuta 100 a gurbin adadi, dala ashirin ya tura. Ga kuma naira da ke yawo a yankin saboda cinikin iyaka, ga rubutun lambobi da ya bambanta, domin mai bin salon Faransanci yana raba dubbai da fili ko ɗigo, mai bin na Ingilishi kuma da waƙafi. Shafin da ya rubuta lamba tsirara bai faɗi sefa ko naira ba, bai faɗi buhu ko tiya ba, ya shuka rigima. Kyakkyawan tsari yana nuna adadin da lamba, ya maimaita shi da kalmomi yadda ake faɗa a kasuwa, sannan ya nuna kuɗin aikawa tun kafin a latsa, ba bayan an cire ba.

Kuskure ba ya ƙarewa, don haka tsari nagari yana shirya masa. A cikin ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen ya tattara a 1994 akwai uku da suka fi shafar harkar kuɗi: na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, ta ba shi hanyar komawa baya, ta kuma tare kuskure kafin ya auku. Misalinsa a fili yake. Mai sayar da rago ya latsa aikawa, rezo ya ɗauke, fuskar waya ta tsaya tana juyi. Bai san ko kuɗi sun tafi ba, sai ya sake latsawa, ƙila su tafi sau biyu. In da an nuna masa sunan mai karɓa kafin ya tabbatar, aka hana latsawa ta biyu, aka turo masa gajeren saƙo mai lambar shaida, da hankalinsa ya kwanta. Wahalar manhaja tana da wata illa da ba a cika faɗa ba: wanda ta gagara yakan miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga yaro ko mai shago ya yi masa, kuma daga nan sirrin dukiyarsa ya fita daga hannunsa. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza sun karɓu a ƙasar ne saboda tsarin tagarsu mai sauƙi ne: suna, lambar waya, takardar shaida. Manhajar da za ta maye gurbin taga dole ta kai ta sauƙi.

Batun ƙa'idojin bai-ɗaya ba baƙo ba ne ga mai auna hatsi. An san buhun gero mai kilo 100 yana cin kimanin tiya arba'in, kuma an san irin gardamar da ke tashi in tiyar mai saye ta fi ta mai sayarwa girma. Intanet ma da ma'auni ɗaya take tafiya. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan intanet a cibiyar CERN a 1989, a 1994 kuma ya kafa ƙungiyar W3C don kada kowane kamfani ya ƙera nasa ma'aunin. Shafin da aka rubuta bisa ƙa'idar HTML da CSS yana buɗewa a tsohuwar waya da sabuwa, injin bincike yana gane shi, kuma wani ma'aikaci zai iya gyara shi in wanda ya fara ya tafi. Tun 2010, lokacin da Ethan Marcotte ya bayyana dabarar shafi mai daidaita kansa da faɗin kowace fuska, babu sauran hujjar yin shafin da sai an ja shi hagu da dama kafin a karanta farashi.

Masu rubutu da Hausa suna da buƙata ta musamman a nan. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk suna da gurbinsu a ma'aunin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Shafin da bai bi tsarin UTF-8 ba, ko aka zaɓa masa salon rubutun da ba shi da waɗannan haruffa, yana mayar da su akwatuna ko alamar tambaya, har sunan mutum a rasit ya lalace. Akwai kuma bambancin ƙa'idar rubutu: Nijar tana rubuta ƴ, Najeriya tana rubuta 'y, ga ɗimbin mutane da ke rubutu ba lanƙwasa ko kaɗan saboda wayarsu. Gurbin bincike a shafin da ke neman masu saye daga Maraɗi da Katsina ya kamata ya gane duka ukun, ya kawo gyaɗa ko da gyada aka rubuta. Ƙaramin aiki ne ga mai tsarawa, amma rashinsa yana sa mai saye ya ɗauka kayan babu.

W3C tana da wasu ƙa'idoji da ake kira WCAG, waɗanda aka yi don makafi, kurame da masu raunin gani ko na hannu. Sun fara fitowa a 1999, aka sabunta su a 2008, 2018 da 2023. Suna neman bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, kowane hoto ya sami bayanin da manhajar karatu za ta furta wa makaho, maɓallai kuma su yi girman da yatsa zai same su. Tarayyar Turai ta mai da irin waɗannan sharuɗɗa wajibi a kan shafukan ciniki da bankuna daga 28 ga Yuni 2025. A Sabon Maci amfaninsu ya wuce naƙasassu. Rubutu mai duhu a kan fari shi ake iya karantawa da tsakar rana, babban maɓalli shi ke hana latsa kuskure, dattijon da idonsa ya yi rauni kuma sau da yawa shi ne mai jarin.

Tsaro ma yana da ma'auninsa. Shafin da ke karɓar suna, lambar waya ko kuɗi dole ya yi aiki da HTTPS, wanda ke rufe bayanai a hanya. Tun Yulin 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, kuma ana samun takardar shaidarsa kyauta daga Let's Encrypt. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi tsari shi ne kada a tambayi mai saye abin da ba a buƙata. Mai neman farashin taki ba shi da dalilin ba da ranar haihuwarsa, kuma tilasta adireshin imel a yankin da kowa da lambar waya aka san shi korar mai saye ne da hannu.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, tunda WhatsApp da Facebook sun wadatar. Ga ƙaramin ɗan kasuwa maganarsu tana da ƙarfi: hoto, saƙon murya da lambar waya sun isa a sayar da awaki, kuma WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana ba da damar jera kaya da farashi. Sai dai ƙa'idojin sauƙi suna binsa har can: hoto bayyananne, farashi da ma'auni da kwanan wata, amsa a kan lokaci. Ga ƙungiyar manoma, kamfanin sufuri, asusun lamuni ko dillalin taki da iri kuwa, dogaro da dandalin wani kaɗai kasada ce. Ana iya rufe lamba ko a sace ta, farashin jiya yana nutsewa a cikin ɗaruruwan saƙonni, ƴan damfara suna buɗe asusu da sunan kamfani. Shafi mai adireshi tabbatacce shi ne inda mai saye daga nesa zai duba ya tabbatar da lambar gaskiya.

Wasu kuma suna tsoron tsada. Gaskiyar ita ce ado ne ke cin kuɗi, sauƙi kuwa hankali yake ci. Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yana tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Abin da ake buƙata shi ne mai tsara shafin ya hau mota ya zo ranar kasuwa, ya ba mai awo, da mai sayar da dabba, da mace mai sana'ar man gyaɗa, da direba, da dattijo aiki guda: kowa ya nemo farashin buhun wake a wayarsa ya kira mai kayan. Sai ya yi shiru ya kalli inda yatsa ya tsaya, inda aka ɗago kai ana neman taimako, inda aka koma baya. Kuɗin motar da na shayi ba su kai asarar mai saye ɗaya da ya fice bai dawo ba.

Shafi ba ya kawar da dillali, kuma bai kamata a sayar da shi da wannan alkawari ba. A kasuwar dabbobi dillali shi ne shaidar cewa saniya ba ta sata ba ce, shi ne kuma wanda ake kamawa in ciniki ya lalace. Amana irin wannan a kan mutum take, kuma tsari nagari yana fito da mutumin fili: sunan mai shago, unguwar da yake, lambar da ake ɗagawa, da abin da za a yi in kaya sun iso ba yadda aka gani ba. Shafin da ya ɓoye mai shi, kome kyawunsa, ba zai karɓi kuɗin wanda ya saba ciniki ido da ido ba.

Nauyin gyara ya rabu gida uku. Hukumar gwamnatin Nijar mai jagorantar harkar fasahar zamani da shirin kai intanet ƙauyuka tana iya sa sauƙin nauyi, harsunan ƙasa da ƙa'idojin WCAG cikin sharuɗɗan duk shafin da gwamnati ta biya, domin kai layi ƙauye ba shi da amfani in abin da ke kan layin bai buɗuwa. Makarantu irin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suna iya sa ɗalibai su gwada aikinsu a kasuwannin ƙauye kafin a ba su maki. Ɗan kasuwa mai biyan kuɗi kuma shi ya fi kowa iko, domin yana iya rubuta buƙatunsa a yarjejeniya: shafin ya buɗe a ƙaramar waya da raunin layi, ya yi magana da Hausa a rubuce da murya, ya faɗi kuɗi da ma'auni ba ruɗani, ya bi ƙa'idojin W3C, adireshin da kalmar sirri su kasance da sunansa, kuma kada a biya kason ƙarshe sai masu saye na gaske sun gwada sun gama da kansu.